Ciwon ƙugu ya kai ka imajansi? Ga abin da aka tattauna

To jama'a, abin da na tsinta a tattaunawar da aka yi kan ciwon ƙugu shi ne, in ƙugu ya riƙe ka kar ka kwanta kwana da kwanaki wai hutawa, masu fisiyo (ma'aikatan asibiti masu gashi da motsa gaɓoɓi) sun ce ka riƙa ɗan takawa a hankali, ka gasa wajen da ruwan ɗumi, yawanci cikin sati 6 yake lafawa kuma ba dole sai an yi hoto ba. Maganin rage ciwo Ibuprofen na taimakawa amma mai olsa ko ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna.

Amma fa in fitsari ya ƙi fita ko yana zubowa, tsakanin cinyoyi ya mutu ba ka jin taɓi, ƙafa ta saki, ko zazzaɓi ya haɗu da shi, wlh ba maganar tausa ba ce, likita ya gan ka a ranar.