In an gyara kalifar birkin mota guda, dole ne a cire iska a ƙafa huɗu?

Mai Sifana: Assalamu alaikum, jama'ar gareji. Akwai maganar da aka haddace kamar karatun allo: wai in ka kwance kalifa guda, wato abin da ke matse faifan birki (dis) a ƙafar mota, ka sa mata sabon sil (zoben robar da ke tare mai) da robar ƙura, sai ka bi ƙafa huɗu ka cire iska, kuma ka fara da ta baya ta hannun dama. Ni ban yarda ba. Inda aka buɗe, nan iska take shiga. In tiyon ƙafar gaba ta hagu ka cire, ina ruwanka da ƙafar baya? Asarar man birki ce, ga haɗarin karya nipul, wato 'yar kusar cire iska, da ya shekara goma ba a taɓa shi ba.

Baba Mai Birki: Wa alaikumus salam. Ɗana, maganarka da sharaɗi, kuma sharaɗin ka tsallake. Gyaran kalifa ba aikin minti goma ba ne. A fitar da fistin, a kankare tsatsar ramin sil, a aika kasuwa neman roba, wani lokaci mota ta kwana a kan jak. Duk wannan lokacin tiyon yana ɗiga, domin kofin man birki da ke kan masta, wato famfon da feda ke turawa, ya fi kalifa tudu. Ɗigo-ɗigo har kofin ya ƙafe. In ya ƙafe, iska ta sama ta shiga, ta cikin masta, ba ta bakin tiyo ba. A nan ko ka zubar da lita guda ta wannan nipul ɗin, feda ba za ta yi tauri yadda ya kamata ba.

Injiniya: Baba, abin da kuka faɗa haka yake, amma ɗigar tana da magani. Kafin a taɓa tiyo, a sa siririn tiyo mai garai-garai a nipul, a buɗe shi, a danna feda kamar santimita 3 zuwa 5, a tokare ta da sanda daga kujerar direba, sannan a rufe nipul. Wannan 'yar dannawar tana tura sil ɗin masta ya wuce ƙaramin ramin da ke haɗa shi da kofi. Kamar ka toshe bakin tsinken shan lemo da yatsa ne, abin da ke ciki ba ya sauka. A cire kan batir, in ba haka ba wutar birki ta kwana a kunne. In an yi haka kuma man kofin bai sauka ƙasa da layin MIN mai nuna mafi ƙarancin mai ba, ƙafa ɗayar ta isa. A nan ina bayan Mai Sifana.

Ɗan Panteka: Wace irin wahala ce wannan? A matse tiyon da filaya mai kulle, shi ke nan.

Injiniya: A'a, ɗan'uwa. Haƙoran filaya suna murƙushe robar ciki. Daga waje tiyon lafiya lau, amma a ciki wani ɓangare ya ɓare ya zama kamar murfi: mai ya wuce in an taka, ya ƙi komawa in an saki. Sai ƙafar ta riƙa kama birki, dis ya yi zafi, a ce kalifar da aka gyara ce ta sake maƙalewa. In dole sai an matse, akwai matsi mai santsin baki da aka yi don haka. Tiyon da aka saƙa wa ƙarfe a jiki kuwa ba a matse shi sam.

Baba Mai Birki: To, na ji. Amma makanike nawa ne ke tokare feda? Yawanci sai an gama ɗaure kalifa ake leƙa kofi a tarar da shi wayam. Shi ya sa na ce huɗu, kuma daga nesa zuwa kusa: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu, tunda sitiyarinmu a hagu yake, masta ma a can take.

Malamin Fasaha: Baba, a gafarce ni, wannan jerin ba kowace mota ya dace da ita ba. Birki layi biyu ne. A motoci da yawa masu ja da ƙafar baya, layi ɗaya na gaba ne, ɗaya na baya. A masu ja da ƙafar gaba kuwa, irin su Corolla da Golf, a gicciye aka raba: gaba hagu da baya dama layi guda, gaba dama da baya hagu layi guda. Kofin ma akwai shinge a cikinsa, don in layi ɗaya ya tsiyaye ɗayan ya tsira da mansa. Saboda haka in gaba hagu aka gyara kuma ɓangarenta ya ƙafe, abokiyar tafiyarta ita ce baya dama. Sannan Honda, a Accord da Civic da dama, daga gaba hagu take cewa a fara, sai gaba dama, sai baya dama, a ƙare da baya hagu. Littafin motar ne alƙali, ba nisan bututu ba, tunda in akwai ABS, na'urar da ke hana ƙafa kullewa in an taka birki da ƙarfi, daga akwatinsa bututun ke rabuwa, ba daga masta ba.

Mai Sifana: Kun gani ba. Ko an yi sakaci ma biyu ne, ba huɗu ba.

Malamin Fasaha: Kada ka yi saurin murna, Oga. In iska ta bi ta masta, akwatin ABS ne gabanta. A wasu motocin tana maƙalewa a bayan bawul ɗin da ba ya buɗewa sai ABS ya tashi aiki, kuma ba ta fita sai an haɗa na'urar bincike ta kaɗa famfon, a sake bin ƙafafun duka. Alamar: feda ta yi tauri a gareji, a fita a taka birki da ƙarfi a kan tsakuwa, ABS ya yi kar-kar-kar, feda ta dawo da laushi.

Direban Haya: Malamai, to wanda aka bi masa huɗun har sau biyu, feda na nan kamar soso fa?

Baba Mai Birki: A fara duba nipul. In an kwance kalifa biyu tare, sau da yawa akan musanya ta hagu da ta dama. Za su ɗauru daidai, amma nipul ya koma ƙasa. Iska sama take taruwa, nipul na ƙasa mai zalla zai riƙa fitarwa, ka rantse an gama. Dole nipul ya kasance sama da inda tiyo ya shiga. In yana sama, a ƙwanƙwasa jikin kalifa da ƙotar guduma a hankali, ƙananan kumfa da suka manne a bayan fistin su taso. Kalifar baya mai haɗe da birkin hannu, wadda ake murɗa fistin ɗinta ya koma, ta fi kowace ɓoye iska. A ja birkin hannu a saki sau biyar ko shida tsakanin buɗewa da buɗewa.

Kuma a gaya wa yaron da ke kan feda ya daina buga ta da sauri kamar mai kirɓa sakwara. Bugun sauri yana farfasa iska ta zama kumfa. Sau uku a hankali, ya riƙe, a buɗe nipul kwatan zagaye, a rufe kafin a ce masa saki. A sa guntun katako a ƙarƙashin feda kada ta kai ƙasa. A tsohuwar masta, can ƙarshen ramin da sil bai saba zuwa ba akwai tsatsa da dauɗa, in ya bi ta kai sai ya yage. A leƙa kofi bayan kowane buɗewa huɗu ko biyar.

Injiniya: A kuma bambance laushi da nutsewa. In ka riƙe feda da matsakaicin ƙarfi tana sauka a hankali, ba ɗigo a ko'ina, wannan ba iska ba ce, masta ce ke zubarwa a cikinta. In kuma an wanke kalifa da fetur ko an shafa wa sil giris na yau da kullum, robar kumbura take yi, ta riƙe fistin. Man birki mai tsabta ko jan giris na roba kaɗai ake shafawa. Washa biyu na jan ƙarfe da ke kan kusar tiyo kuma sababbi ake sawa.

Mai Sifana: Duk wannan bai rushe maganata ba. Kofi bai ƙafe ba, nipul na sama, ƙafa ɗaya.

Baba Mai Birki: Ta fuskar iska, na sallama maka. Amma ka tambayi kanka abin da ya cinye fistin ɗin tun farko. Ruwa ne. Man birki yana shan danshi: nau'in DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius yake tafasa, in ya sha ruwa ya sauko wajen 155, DOT 3 kuma daga 205 zuwa 140. Man da ya sa wa kalifa guda tsatsa shi ne kwance a sauran ukun. In ya yi baƙi ko ya haura shekara biyu, a sayi lita guda a sabuwar gora a bi huɗun har sai mai haske ya fito. Nipul ɗin da kake tsoro, a fesa masa man kwance tsatsa tun da safe, a kama shi da sifana mai zobe, ba mai buɗaɗɗen baki ba.

Ɗan Panteka: In ya karye dai, kalifa na nan a kasuwa. A dai zo da tsohuwar a gwada, don a san ta hagu ce ko ta dama.