Me ya sa guguwa ke kwashe rufin gidaje a tsibiran Karebiyan?

Sule Kafinta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni rufi nake bugawa, shi ya sa duk hoton bala'in da na gani, idona kan kwano yake fara sauka. Hotunan tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada bayan guguwar Beryl ta watan Yulin 2024 su suka tsaya min a rai: bango a tsaye ƙyam, amma sama fayau, ba kwano ba katako. Haka na gani a na Barbuda, inda guguwar Irma ta lalata kusan gini tara cikin goma a 2017, har aka kwashe mutanen tsibirin kaf, su wajen 1,800, aka kai su Antigua.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, mutanen nan sun san lokacin abin, daga Yuni zuwa Nuwamba kowace shekara. To me ya hana su zuba dekin su huta? Ko kuwa aikin kafintocinsu ne ba shi da ƙarko? Ba raini ba ne wallahi, so nake in gane.

Injiniya Bashir:

Wa alaikumus salam Malam Sule. Kada ka yi saurin ɗora wa abokan sana'arka laifi. Irin wannan iska ba tura rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Idan ta bi ta samansa da gudu sai ta riƙa tsotso shi sama, in kuma aka yi rashin sa'a taga ko ƙofa ta ɓalle, sai ta shiga ɗaki ta tokare shi ta ƙasa. Ga ja ta sama, ga turi ta ƙasa. Kuma duk lokacin da gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta a jikin gini ninkawa huɗu yake yi. Guguwar Dorian ta sauka a tsibirin Abaco na Bahamas a 2019 da gudun kusan kilomita 295 a awa. Ƙusa mai santsi da aka buga a tsaye, kai ka fi ni sani, zarewa kawai za ta yi.

Abin da ke taimakawa sananne ne: a ɗaure kwano da sukurori maimakon ƙusa, a kama kowane rafta da ƙarfe a haɗe shi da linta, linta kuma rodinta ya sauka har tushen gini. A yi rufi mai fuska huɗu, kada a bar bakin kwano ya zarce bango da yawa, domin nan iska ke fara sa hannu.

Dekin kuwa ba kowa ke iyawa ba. Yawancin ƙananan tsibiran nan siminti da rodi ta jirgin ruwa suke zuwa musu, da tsada. Sannan yankin na girgizar ƙasa ne. A Haiti a 2010, dekin da aka zuba da ƙarancin rodi shi ya rufto wa mutane masu ɗimbin yawa.

Maman Hanan:

Malam Sule, idonka na kan rufi, amma ruwa ya fi iska kisa. Guguwa tana tunkuɗo teku ne zuwa kan tudu. Dorian ɗin da Injiniya ya ambata ta tsaya cak a kan Grand Bahama fiye da kwana guda, tsibirin kuma shafe yake, babu tudun kirki da za a hau. Mutane cikin silin suka riƙa ɓuya, ruwa na bin su. A garin Marsh Harbour na tsibirin Abaco akwai unguwar da ake kira The Mudd, ta talakawa, yawancinsu 'yan ci-rani daga Haiti. Shafe ta aka yi.

Inda akwai duwatsu kuma zaftarewa ce. A 2004 guguwar Jeanne ta kashe mutum wajen 3,000 a Haiti, mafi yawa a garin Gonaïves, alhali a lokacin ƙarfin iskarta bai ma kai na babbar guguwa ba. Ruwan sama ne ya gangaro da laka daga tsaunukan da aka sare wa itatuwa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Puerto Rico bayan guguwar Maria. Da farko hukuma cewa ta yi mutum 64 suka rasu. A watan Agustan 2018 ta amince da 2,975, bayan binciken Jami'ar George Washington. Yawancinsu ba ranar guguwar suka mutu ba. Wuta ce ta ɗauke, wasu wuraren har kusan wata goma sha ɗaya. Mai wankin ƙoda ya rasa inji, allurar mai ciwon suga ta lalace ba firji, tsoho na buƙatar asibiti hanya a toshe.

Alhaji Ɗanjuma:

Ni ta fuskar kuɗi zan kalla. Babbar ƙasa in guguwa ta doki jiha ɗaya, sauran jihohi za su kawo ɗauki. Ƙaramin tsibiri kuwa dare ɗaya ake dukan komai: tashar jirgin ruwa, asibiti, gona, otal. An ƙiyasta ɓarnar Maria a Dominika da kashi 226 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Firaministansu Roosevelt Skerrit ma a daren ya rubuta a Facebook cewa rufin gidansa ya tafi, ka ga ba maganar kafintan talaka ba ce.

Grenada na cikin manyan masu sayar wa duniya gyaɗar ƙamshi kafin guguwar Ivan ta kakkarya itatuwan a 2004, itacen kuma sai ya shekara bakwai ko fiye kafin ya fara 'ya'ya. Da me manomin zai sayi sukurorin da Injiniya ke faɗa? Gwamnati ta ci bashi ta gyara, ba ta gama biya ba wata ta sake zuwa. Shi ya sa Grenada ta sa sharaɗi a yarjejeniyar bashinta ta 2015 cewa in guguwa ta afka za a ɗage mata biya, kuma ta yi amfani da shi bayan Beryl. Firaminista Mia Mottley ta Barbados ma wannan take ta fafutika a kai.

Sule Kafinta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma Injiniya, har yanzu ina nan kan bakana a abu ɗaya: a hotunan nan za ka ga gida biyu jere, ɗaya da rufinsa ɗaya babu. Iska ɗaya ta doke su. Dole akwai hannun mai aiki a ciki.

Injiniya Bashir:

Akwai, Malam Sule, ban musa ba. Sai dai wani lokacin aikin ya yi kyau ranar da aka yi shi. Iskar bakin teku gishiri gare ta, tana cin ƙusa da ƙarfe a ɓoye a ƙarƙashin kwano. Sannan kwanon maƙwabci in ya tashi, shi ne zai zo ya fasa maka taga, daga nan naka ma ya bi shi.