Musayar waƙa: giɓin kasafi da bashin gwamnati

Mai Tawada:
Salama 'yan gida, ga baitin buɗewa, mai ƙarfi ya kama.

Gwamnati ta kawo kasafinta,
Kashewa ta fi ƙarfin samunta,
Ta ce rance zai cike giɓinta,
Wa zai biya? Jikan jikanta.

Gwani Sale:
Ƙanena, tsoro ne ya kama ka,
Dubi Japan in ka buɗe idonka,
Ninki biyu na arzikinta ta ranta,
Ba abin da ya girgiza sai bakinka.

Inna Kulu:
Gwani, Japan da yen take rance,
Mafi yawa a gida ta karɓa, ka mance,
Mai cin bashi da dala bai kwance,
Kuɗinsa na karyewa ya susuce.

Ɗan Lami:
Kai! Inna ta gama magana wallahi, Gwani a sha ruwa tukuna. Zambiya ta kasa biya a 2020, Sri Lanka a 2022, Gana ma a Disambar 2022 ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, duk ƙofar IMF, asusun ba da lamuni na duniya, suka je suka ƙwanƙwasa kuma ba wadda bashinta ya kai na Japan in an auna da arzikin ƙasa.

Gwani Sale:
Inna, bashi hanji ne, ba ki ji ba?
Titi bai taɓa gina kansa ba,
Wanda bai ranta ba bai shimfiɗa ba,
Ɗan korenki dai bai gane ba.

Ɗan Lami:
Ni ne ɗan kore? To na karɓa, gara in yi wa Inna amshi da in bi Gwanin da ba shi da jama'a.

Malam Ado:
Ku dakata. Gwani, baitinka na farko ɗango na uku ya fita daga amsa-amo, ka, ka, ta, ka, wannan ai ɗingishi ne. Na biyun kuma "ba" ka jera sau huɗu, ko yaro zai iya.

Gwani Sale:
Malam, Mai Tawada ma "ta" ya jera sau huɗu ba ka ce uffan ba, don ɗan ɗakinka ne. Kuma tun da aka buɗe zauren nan baiti nawa ka taɓa kawowa? Kullum sai jan biro.

Malam Ado:
Alƙali ba ya shiga kokawa. Kuma shi nasa karin bai karye ba, ka rera ka ji.

Hajiya Turai:
Ku yi haƙuri yanzu na samu caji. Gwani, taka ce:

Hanjin da ka ce, in ya murɗe fa?
Kuɗin ruwa ya cinye harajin kaf fa,
A ranto sabo a biya tsoho fa,
Titin naka a takarda ya tsaya fa.

Kuma a tuna Najeriya an yafe mata dala biliyan 18 a yarjejeniyar 2005 da Paris Club, ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi, ta biya kusan biliyan 12, yau ina aka koma?

Inna Kulu:
Turai 'yar albarka!

Malam Ado:
Hajiya, da girmanki, amma "fa" ba amsa-amo ba ne, ciko ne.

Mai Tawada:
Malam don Allah, bashi muke magana.

Gwani Sale:
A'a bar shi, yau sai ya kawo baiti ko guda. Malam Ado muna jira.