Birkin Fijo 504 ɗina yana nutsewa, na rasa gane kansa

Salamu alaikum. Masana tsofaffin motoci, don Allah ku taimaka mini.

Fijo 504 ce ta marigayi Babanmu, haɗin Kaduna, ƙirar 1982. Ta shekara shida a jibge a ƙofar gida kafin na tayar da ita bana. Inji lafiya lau, birki ne ya hana ni sakat.

Idan na taka na riƙe, misali a go-sulo, sai in ji fedar tana sulalewa a hankali har ta kusa taɓa ƙasa. In na yi famfo sau biyu ta yi tauri, can kuma ta sake saki. Man birki ba ya raguwa a kofinsa. Na ma shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe ko ɗigo babu.

Mun zubar da tsohon man, wanda ya yi baƙi kamar shayi, muka zuba sabo, nau'in DOT 4. Bakanike ya canza robobin masta (wato silindar da ke tura man birki idan an taka feda), mun cire iska sau uku, muna farawa daga tayar baya ta dama. Kwana biyu ta yi daidai, matsalar ta dawo. Da ya kwance mastar dai na leƙa, na ga ɗan tsatsa a cikin ramin, ya goge da samfefa ya ce ba komai. Ni hankalina bai kwanta da wannan ba.

Shin tsatsar ce ke cinye sababbin robobin, in sayi masta sukutum? Ko tiyon roba masu kai man birki zuwa tayoyin ne suka tsufa? Tayar gaba ta dama kuma tana ɗaukar zafi bayan ɗan gajeren tafiya, ko akwai alaƙa?

Na ajiye ta dai, ba na fita da yara a haka.