Tambaya kan kamun kifi a rafin Itchen

Dan_Yauri:
Salam yan uwa. Ina karatu a garin Winchester da ke Ingila, kullum na bi bakin rafin Itchen sai in ga kifin tirawut tsaye cikin ruwa garau kamar na randa, har tsakuwar ƙasa kana gani. Ni da na tashi da fatsa a bakin Kwara abin yana cina wallahi. Jiya na jefa ƙugiya da tana, kafin ta taɓa ruwa duk sun watse. Meye sirrin, kuma wannan mai kama da maciji da suke cewa il ana ci?

Baban_Hanifa:
Ƙanena Allah ya rufa maka asiri ba wanda ya ganka. Sai da lasisin hukumar muhalli ake jefa fatsa a Ingila, tarar tana kaiwa fam 2,500, sannan yawancin bakin rafin nan masu shi ne, sai ka sayi tikitin yini. Ka fara da wannan tukuna.

Sarkin_Ruwa:
Sirrin shi ne sun riga ka gani. Ruwan daga ƙarƙashin dutsen alli yake ɓulɓulowa ya tace tas, sanyinsa kusan digiri 10 rani da damina, to kifin yana fuskantar inda ruwa ke zuwa ne, dole ka lallaɓo ta bayansa kana duƙe kar inuwarka ta faɗa ruwa, ka jefa gabansa kaɗan ruwa ya kawo masa da kansa. Kuma manta da tana, mafi yawan wuraren ƙwaron roba na gashin tsuntsu kawai suka yarda da shi. Jira ƙarshen Mayu lokacin da wani ƙwaro kamar shinge ke fitowa, nan ne manyan ke haukacewa.

Dan_Yauri:
To il ɗin fa yaya? Na riga na sayi yaji 😂

Sarkin_Ruwa:
Aje yajinka malam. Irin il ɗin nan ya kusa ƙarewa a duniya, doka ce in ka kama ka maida shi da rai. Daga tekun Sargasso, wani yanki na tekun Atlantika, yake tasowa yana ɗan mitsitsi, ya shekara goma ko fiye a rafi sannan ya koma can ya yi ƙwai. Tirawut ɗin ma yawanci saki ake yi.

Maman_Sadiq:
Wato ka biya kuɗi, ka wuni a duƙe, ka kama ka saki? Ni dai a bar ni da tarwaɗata ta shagon yan Afirka.