A shimfiɗe tsakar gida da intalok ko a bar ƙasa a yi shuka?

Maman Hanifa, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun tare a sabon gida a Rijiyar Zaki, tsakar gidan har yanzu ƙasa ce. Maigida yana so a shimfiɗe ta da intalok kakaf, ni kuwa raina na kan shuka. Da bazara ɗakin yara da ke yamma ba ya shiguwa sai bayan isha'i, in ka dafa bangon ma sai ka janye hannu. Ruwan damina kuma yanzu sai ya ɗauke kwana da kwanaki, ya dawo kamar da bakin ƙwarya, ya kwanta mana a ƙofar kicin. Ba mu da burtsatse, jarka muke saya wurin 'yan garuwa. Me zan shuka, a ina kuma?

Baban Sadiƙ, magini:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sana'ata ce, amma gaskiya intalok wuni yake yana shan rana, da dare ya amayo muku zafin. Ki lallaɓa Alhaji a yi shi iya hanyar mota da ta ƙafa. Darbejiya da ambarela kada su matso katanga ko sokawe, saiwarsu na ɗaga daɓe. A bangon yamman nan ki kafa rumfa, ki ɗora mata inabi ko soso, inuwa ta sauka kan bangon tun la'asar.

Malam Na Maraɗi:
'Yata, ruwan da ke kwanta miki a ƙofa shi ne arzikin lambun. Rufi mai murabba'in mita 100, in an yi ruwan milimita 20, lita 2,000 ke zubowa ta indararo, jarka 80 ke nan ta lita 25. Ki tara wani a tanki, sauran a ja masa 'yar kwata zuwa wuri mai nisa da gini. Mu nan a gonaki muna haƙa tassa, wato ƙananan ramuka, da rami mai siffar rabin wata, mu zuba taki a ciki, ruwa ya tsaya ya nutse a gindin shuka. Haka za ki yi wa kowane dashe, gindinsa ya fi tsakar gida zurfi kaɗan. Ki yi dashen da zarar damina ta kankama, don ya kama ƙasa kafin rani ya shigo. Magarya, rumman da lemun tsami suna jure ƙishi. Ayaba kam ki haƙura da ita.

Inna Ta Samaru:
Ni zogale da lalle na jera a jikin katanga, yakuwa da lalo a tsofaffin buhuna. Na binne tulu har wuya kusa da barkono, ina cika shi in rufe bakin, yana tsattsafowa a hankali. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk gindin zogale suke tafiya. Na omo dai kar ki kuskura, yana ɓata ƙasa. Ki lulluɓe gindin shuka da ɓuntun shinkafa, laima ta daɗe.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Inna, ɓuntun nan ba zai jawo mini gara ba? Unguwarmu akwai ta sosai.

Inna Ta Samaru:
Zai iya. Ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen, ki barbaɗa toka, kuma kar ki tara shi a gindin bangon ɗaki.