Ti voglio bene: musayar waƙa kan amsar da uba zai bai wa ɗiyarsa

Kawu na Bireshiya:
Shekara 11 ke nan ina zaune a arewacin Italiya,
Ina aiki a masana'antar ƙarfe da ke birnin Bireshiya.
Ɗiyata da aka haifa a nan ta riƙe hannuna da safiya,
Ta ce "ti voglio bene, papà", na rasa amsar ba ta don kunya.
A gidanmu ban taɓa jin uba ya furta irin wannan ga ɗiya ba, gaskiya,
Don haka nake roƙon masu sani su nuna mini hanya.

Malama ta Kano:
Kawu, ka kwantar da hankalinka, wannan magana ba ta da wuya,
Domin Italiyawa sun raba so gida biyu, ƙauna daban da soyayya.
"Ti amo" kalma ce ta masoya, ita ango yake faɗa wa amarya,
"Ti voglio bene" kuwa ta iyaye ce da 'ya'ya da abokan tafiya.
Ma'anarta ita ce ina so maka alheri, kuma "volyo" ake furta ta tsakiya,
Idan ka ce "anch'io", wato ni ma haka, ka biya ta har cikin zuciya.

Ƙane na Napoli:
Malama ta yi bayani, ni kuma zan ɗan ƙara bisa abin da na iya.
A nan kudu uwa tana kiran ɗanta "tesoro", ma'ana taskar dukiya,
"Sono felice" ita ce ina farin ciki, namiji da mace duk ɗaya,
Amma namiji "contento" yake cewa, mace "contenta", harafin ƙarshe ya juya.
Wanda ya yi kewar wani kuwa "mi manchi" yake faɗa masa ta waya.

Kawu na Bireshiya:
Malama da ƙanena, Allah ya saka muku, ku karɓi godiya.
Da ta dawo daga makaranta na ce mata "anch'io, tesoro", muryata tana rawa gaba ɗaya,
Ta ajiye jakarta a bakin ƙofa, ta rungume ni tana dariya,
Na ɗora da "Allah ya yi miki albarka", kamar yadda na samu tarbiyya.
Da dare ta kira kakarta a Damagaram ta ce "mi manchi, Hajiya",
Na fassara wa tsohuwa, ta ce ita ma kullum da kewar jikarta take kwanciya.